Shugaban ƙungiyarmu ta ƙwadago na so mu bi ɗan takararsa, dole ne?

Malam, in na fahimce ka, ciyaman ɗin reshenku ya tara ku ya ce kowa ya bi ɗan takara ɗaya, har da maganar taɓa kuɗin ƙungiya a yi kamfen, kai kuma hankalinka bai kwanta ba.

Ƙuri'a dai taka ce, a sirrance ake jefa ta, sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba ka 'yancin shiga jam'iyyar da ka ga dama. Ƙungiya tana iya nuna wanda take so, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, sun mara wa Peter Obi na Labour Party baya a 2023, ai ita Labour Party ma NLC ce ta kafa ta a 2002, amma ma'aikata da yawa a nan Arewa wani suka zaɓa.

Inda na fi damuwa shi ne kuɗin. Wanda ake cira a albashinku duk wata, dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana kashe shi kan siyasa sai in kundin ƙungiyar ya yarda, don haka ku nemi kundin ku karanta, mu a reshenmu sai da muka yi haka rigima ta lafa.

Kar ka zage shi a guruf ɗin WhatsApp, kar kuma ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. A taro ku tambayi ɗan takarar batun mafi ƙarancin albashi da bashin fansho, a rubuce.

In aka yi maka barazana da canjin wurin aiki, je ka ga lauya, kotun ma'aikata ce ke sauraron irin wannan.