Tambaya da Amsa: Ƙugin Lantarki a Cikin Sautin Jita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita mai aiki da lantarki, kuma ina naɗar kiɗana a ɗaki da kwamfuta ta hannu. Duk abin da na naɗa sai in ji wani ƙugi a ƙarƙashinsa, musamman wurin da na tsagaita. Na bi shawarar wani bidiyo, na yanke mita 60, amma ƙugin yana nan. Ina mafita?
Daga wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar da ka bi ta mutanen Amurka ce, inda lantarki ke kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Namu na Nijar sau 50 yake kaɗawa, don haka ƙuginka yana kan mita 50, wato sauti mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tare da 'ya'yansa, wato ƙananan ƙugi da ke rakiyarsa, a kan 100, 150, 200 da abin da ya yi sama.

Amma kafin a je ga kwamfuta, a fara da ɗakin, domin ƙugin da bai shiga ba ya fi wanda aka cire sauƙin sha'ani. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyar jita, musamman masu naɗin waya guda irin na jitar da ake kira Stratocaster, suna kwasar duk wani motsin lantarki da ke kusa da su. Cire cajar kwamfutar ka naɗa da batir. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage rabin damuwar. Kashe fanka da doguwar fitila, ko da zafin Damagaram zai sa ka yi gumi na 'yan mintoci, ka nisanta wayarka ta salula, kuma idan gidan na da sola ka matsa nesa da injin da ke juya wutarta. Sannan ka rataya jitar, ka juya jikinka a hankali kana saurare, za ka tarar da wata fuska da ƙugin ke raguwa sosai, sai ka kaɗa kana fuskantar can. Idan makunnin zaɓen maganaɗisu na jitarka mai matsayi biyar ne, gwada na biyu da na huɗu, domin a yawancin jitocin zamani suna haɗa maganaɗisu biyu su kashe ƙugin juna.

Ina roƙonka, kada ka karya ƙafar filogi ta uku don neman shiru. Ita ce ke kare mai kiɗa daga jan wuta.

Abin da ka riga ka naɗa kuwa, manhajar Audacity, wadda kyauta ce, za ta taimaka. Yi amfani da Notch Filter, wanda ke yanke mita guda daga sauti, a kan 50, sannan 100 da 150 idan da bukata, amma ka matse yankan ƙwarai, saboda tsirkiya ta huɗu tana kan mita 147, ta uku kuma 196, dab da 'ya'yan ƙugin. Yanka mai faɗi zai tafi da naman kiɗan. Idan da janareta ka yi aikin, mitar kan ɗan kauce, sai ka duba ainihin wurinta da Plot Spectrum, wanda ke zana maka ƙarfin kowace mita. Daga nan ka zaɓi daƙiƙa biyu da babu kiɗa, ka nuna wa Noise Reduction, mai rage hayaniya, su a matsayin samfurin ƙugin, ka rage kaɗan-kaɗan, domin idan ka tsananta sautin zai koma kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Saboda wannan samfurin, nan gaba ka riƙa barin ɗan shiru a farkon kowace naɗa, jitar tana jone, hannunka a kan tsirkiya.