Kun Tambaya, Mun Amsa: Red Sox da Shekaru 86 Ba Kofi

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Assalamu alaikum. Ana cewa gudun mutum ɗaya ne ya ceci ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox a 2004. Yaya hakan ta faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Filin besbol tashoshi huɗu gare shi, ƙafa 90 tsakanin kowace biyu, kuma sai ɗan wasa ya zagaye su ya dawo gida ake rubuta maki ɗaya. Zagaye 9 ake yi, kowace ƙungiya tana bugu har a fitar mata da mutum uku.

A watan Oktoba na 2004 Boston ta haɗu da New York Yankees a jerin wasanni 7 na neman zuwa gasar ƙarshe. Yankees ta cinye ukun farko, na ukun ma 19 da 8. Kafin lokacin babu ƙungiyar besbol da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami. Ranar 17 ga wata, a zagaye na 9, Yankees na gaba da 4 da 3, kuma Mariano Rivera ne ke jifa. Sai ya yi wa Kevin Millar jifa huɗu da suka kauce, doka ta ba Millar tashar farko kyauta. Nan take koci Terry Francona ya cire shi, don ba shi da gudu, ya sa Dave Roberts.

Satar tasha, wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, lissafin agogo ce. Daga motsin mai jifa zuwa isar ƙwallo hannun mai cafewa, kamar daƙiƙa 1.3 ne. Shi kuma mai cafewa yana buƙatar kamar daƙiƙa 2 ya kai ta tasha ta biyu. Mai gudu ke nan yana da wajen daƙiƙa 3.3, shi ya sa yake ɗan matsawa daga tasharsa tun kafin jifa. Idan ya matsa da yawa a kama shi a baya, idan ya yi nawa a riga shi a gaba. Sau uku Rivera ya wurga ƙwallo tashar farko don ya tsare shi (dokar da aka kawo a 2023 ta taƙaita wannan dabara), amma da jifan farko Roberts ya ruga. Mai cafewa na Yankees, Jorge Posada, ya jefa wa Derek Jeter ƙwallo mai kyau a tasha ta biyu, hannun Roberts ya riga taɓa tasha da ƙyar.

Amfanin abin shi ne, wanda ke tashar farko yawanci sai an yi bugu biyu yake isa gida, na tasha ta biyu kuwa ɗaya ya ishe shi. Bill Mueller ya buga ta tsakiya, Roberts ya isa gida, aka yi 4 da 4, David Ortiz kuma ya tsallakar da ƙwallo katanga a zagaye na 12 na ƙarin lokaci, Boston ta ci wasan. Boston ta ci sauran ukun, ta share St. Louis Cardinals wasa huɗu a jere, ta ɗauki kofinta na farko tun 1918.

Tambaya daga wata mai karatu a Maradi: Shin da gaske Bill Buckner ne ya jawo wa Boston asarar kofin 1986?

Amsa: Hajiya, an ɗora masa kayan da ba nasa kaɗai ba ne. A wasa na 6 na gasar ƙarshe da New York Mets, zagaye na 10, Boston na gaba da 5 da 3, an fitar da mutum biyu, babu kowa a tasha. Saura mutum ɗaya a ɗaga kofi. Sai mai jifa Calvin Schiraldi ya bari aka buga masa uku a jere, Bob Stanley da ya canje shi ya yi jifan da ya wuce mai cafewa, aka koma 5 da 5. Duk wannan kafin ƙwallon da Mookie Wilson na Mets ya buga ta bi ta tsakanin ƙafafun Buckner, mai tsaron tashar farko na Boston, Mets ta ci wasan. Ko da ya tare ta, canjaras za a ci gaba da shi.

Kuskuren nasa na koyon farko ne: ƙwallon da ke gangarowa ana ajiye mata safar hannu a ƙasa ne, a ɗago idan ta yi tsalle, domin ɗagowa ta fi saukarwa sauri. Sai dai mutumin yana fama da ciwon idon sawu, kuma a wasannin da Boston ta ci a baya koci John McNamara yakan sa Dave Stapleton a madadinsa idan an kusa tashi. Ran nan bai sa shi ba. A ganinmu laifin kocin ya fi girma. Kada kuma a manta akwai wasa na 7, inda Boston ta fara gaba da 3 da 0, aka doke ta 8 da 5.

Tambaya daga Kumasi: Sayar da shahararren ɗan wasa Babe Ruth ne ya zame wa Boston baki?

Amsa: Zancen hira ne. Gaskiya Harry Frazee, mai ƙungiyar a lokacin, ya sayar da shi ga Yankees kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, kuma a 1920 ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 54. Amma an bi bayansa da sayar wa Yankees wasu gwanayen. Ga kuma wariyar launin fata: Boston ta gwada Jackie Robinson a filinta na Fenway a 1945 ta ƙi ɗaukarsa, kuma ita ce ta ƙarshe da ta sa baƙar fata a wasa, wato Pumpsie Green a 1959, shekara 12 bayan ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta fara da Robinson.