Tambaya da Amsa: Sabis ɗin Marsandi, sai wajen dila ko a iya yi a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Daura. Bara na sayi Mercedes-Benz E350 ƙirar 2011, tokumbo daga Amurka. Da alamar sabis ta fito a dashbod sai na ce bari in kai ta inda aka san ta, na tuƙa har Abuja wajen wani dila. Aiki kam sun yi, amma takardar kuɗin da suka miƙo mini ta kusa cinye ribar wata guda, ga man zuwa da dawowa, ga kwana a otal. Ƙanena ya ce ai juyen baƙin mai ne kawai da canjin filta, in sayi kaya mu yi abinmu a gida, yana ganin yadda ake yi a YouTube. In bi shawararsa? Ina tsoron kada garin neman gira in rasa ido.
Daga wani mai karatu a Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a abin hawa, ya tsare hanya. Maganar ƙanenka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai kai ta ƙarshe ba.

Motar 2011 da ta shigo tokumbo ba ta da garantin kamfani a kanta, don haka babu abin da ya wajabta maka bin Kazaure, Kano, Zariya, Kaduna har Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 500, saboda juye kawai. Wanda ya sayi sabuwa dal a hannun dila, garanti bai ƙare ba, shi ne zan ce kada ya kuskura ya kai ta wani wuri, don ranar da babban abu ya lalace takardun sabis za a fara tambayarsa. Kai ba ka cikin wannan sahun.

Ban ce an cuce ka ba. Dila da awa yake lissafin kuɗin aiki, kayan da yake sa maka kuma na kwalin kamfani ne, da kuɗin waje aka sayo su, ka kuwa san halin da naira ta shiga tun watan Yunin 2023 da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa. Ga na'urar binciken kamfani da ake kira Xentry, ga horar da ma'aikata, ga janareta da hayar wuri a Abuja. Duk a cikin takardar nan ka biya su. Sannan sabis ɗin Marsandi iri biyu ne da suke karɓa-karɓa: A shi ne ƙarami, B babba, wanda ake haɗawa da filtar iskar cikin mota da man birki. In B ce ta fito maka, dole kuɗin ya ɗaga.

Juye kuwa, a wannan motar yana da sauƙi fiye da yadda mutane ke zato. Filtar baƙin mai tana sama, daga gaban injin, murfinta baƙi ne. Ba gwangwani ba ce irin ta tsohuwar Corolla, takarda ce da ake zarewa a sa sabuwa, kuma sabuwar tana zuwa da zobban roba. Ka canza su duka, ka shafa musu ɗan mai kafin ka mayar. Murfin nan na roba ne, a jikinsa an rubuta 25 Nm, iyakar ƙarfin ɗaurin da yake so ke nan. Yaran gareji da suka saba ɗaure noti har sai sun ji hannunsu ya sage, su ne suke fasa shi. Shi kansa tsohon man ba sai ka shiga ƙarƙashin mota ba: akwai famfon hannu da ake zura siririn tiyonsa ta bututun da ake auna mai, a zuƙe shi ta sama bayan injin ya ɗan yi ɗumi. Na fi son wannan hanyar ga mai yi a gida, saboda shiga ƙarƙashin mota mai nauyin kusan tan biyu alhali jak kaɗai ke riƙe da ita a kan yashi, wasa da rai ne, kuma ina roƙonka da Allah kada ka bar ƙanenka ya yi. Injin yana cin kusan lita 8. Filtar iska guda biyu ce a ƙarƙashin murfin injin, ita ma aikin mintuna ne. Alamar sabis ɗin da maɓallan sitiyari ake goge ta.

Abin da ya fi damuna ba hannunka ba ne, Alhaji, abin da za ka zuba ne. Littafin motar ya ce man da ke ɗauke da lambar amincewar kamfanin Marsandi, MB 229.5, kuma za ka ga lambar a bayan galan. Kauri irin 5W-40 ko 0W-40 shi ya dace da ita. Baƙin mai mai kauri 20W-50 da ake zuba wa tsofaffin motocin haya na tasha ba nata ba ne, ko da wani ya ce maka zafin garinmu sai mai kauri. Wannan injin da matsin mai yake juya wasu sassansa, ta ƙananan hanyoyi, mai kauri ko gurɓatacce toshe su yake yi. Ga kuma jabu. Ana tattara tsofaffin galan a sake cika su da man da ba a san asalinsa ba, a liƙe baki kamar sabo, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irinsu. An taɓa kawo mini irin motarka nan garejina a Katsina, injin yana kakat-kakat da safe. Da na buɗe murfin zuba mai na sa yatsa, abin da ya fito baƙi ne mai danƙo kamar kwalta. Mai ita bai taɓa tsallake lokacin juye ba, galan ɗinsa ma ya nuna mini, suna mai kyau a jiki. Abin da ke ciki ne ba shi ba. Kuɗin da ya kashe wajen buɗe injin ya ninka sabis ɗin dila. Saboda haka ka sayi mai a hannun wakilin kamfanin man ko babban gidan mai da ka amince da shi, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa ka bar shi, in ka gama kuma ka huda galan ɗin kafin ka yar. A filta ka nemi Mann ko Mahle ko Hengst, su ne irin kamfanonin da ke yi wa Marsandi kaya tun asali, kwalin ne kawai ya bambanta. A Kofar Ruwa ta Kano ana samu, ana kuma samun kwaikwayonsu, ka tafi da wanda ya san kan kasuwar.

Kada ka jira dashbod. A Amurka mil 10,000 ko shekara guda aka tsara mata, wato kilomita 16,000, kuma ka lura mitar motarka da mil take ƙirge. Wannan lissafin bai san ƙurar hunturu a hanyar Daura zuwa Katsina ba, bai san zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba. Ni shawarata ka raba shi biyu. Filtar iska kuwa ka riƙa duba ta duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Inda zan taka wa ƙanenka birki shi ne giyabos. Naka mai giya bakwai ne, 7G-Tronic, ba shi da sandar auna mai. Ta ƙasa ake tura masa mai da famfo, kuma sai zafin man ya kai digiri 45 ake daidaita shi, ana kallo a na'ura. Man ma iri biyu ne, akwai ja akwai shuɗi, ba a haɗa su, da lambar shasi ake gane wanda ya dace da taka. Kuskuren rabin lita ya isa ta fara fizga. Man birki ma, da ake canzawa duk shekara biyu don yana tsotsar danshi, ka bar wa masani. Haka duk abin da ya shafi jakar iska ta sitiyari da kwamfutocin motar.

Masanin nan kuma ba lallai sai dila ba. A Kano da Katsina akwai makanikan da Marsandi kaɗai suke yi, suna da na'ura, kuɗin aikinsu bai kai na Abuja ba ko kusa. Ka gwada mutum kafin ka ba shi makulli: ka tambaye shi wane mai giyabos ɗin ke sha. In ya ce kowanne ma ya yi, ka kama gabanka. In ya ce zai cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, ya haɗa fanka kai tsaye don kada ta yi zafi, ko zai cika lagireto da ruwan rijiya, shi ma haka. Ka tsaya a kan aikinka, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Ƙaramar na'urar binciken mota ta OBD da ake haɗawa da waya ma tana da amfani, soket ɗinta mai haƙora 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ba za ta ga duk abin da ta kamfani ke gani ba, amma in fitilar injin ta kama za ka san lambar matsalar kafin wani ya yanka maka kuɗi.

Yanzu ka ɗauko takardar da dilan ya ba ka ka duba ko an canza man giyabos da na birki. Tokumbo ba kasafai take zuwa da tarihinta ba, man giyabos ɗin nan kuwa wajajen kilomita 60,000 ake so a canza shi. In babu shi a takardar, shi za ka fara tanadar wa kuɗi. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a motar, duk juyen da kuka yi ka rubuta rana da mil da sunan man, ka maƙala rasit, don ranar da za ka sayar da ita mai saye zai tambaya.