Tunda Duk Suna Iya Lissafin Turing, Ina Bambancin?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu a nan Sakkwato kan pi-kalkulus, wato lissafin da ke bayyana yadda ɓangarorin tsarin kwamfuta masu aiki a lokaci guda ke aika wa juna saƙo. Na ce nau'in da mai aika saƙo ke jiran a karɓa da nau'in da yake aikawa ya wuce abinsa, ƙarfinsu ɗaya ne, tunda kowanne na iya abin da injin Turing ke yi, wato injin tunani da ake auna ƙarfin lissafin kwamfuta da shi. Mai duba aikina ya soke babin da jan biro, ga shi saura mako 3 in kare aikin. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankali, ɗana, babin zai gyaru. Amma mai jan biron ya yi gaskiya. Wannan hujjar ta Turing na gaji da ganinta, galibi daga masu sayar da kundi a shagon buga takardu take fitowa. Injin Turing yana auna abin da za a iya lissafawa. Mu kuwa tambayarmu ita ce me ɓangarori za su iya daidaitawa tsakaninsu ba tare da sarki ba.

Kana da rabin gaskiya. Masana Honda da Tokoro a 1991, da Boudol a 1992, sun nuna ana iya kwaikwayon jiran da musayar saƙonni, muddin babu zaɓi a ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne gaurayen zaɓi, wato ɓangare ya ce "ko in ba, ko in karɓa" a lokaci guda.

Ɗauki tagwaye biyu, komai nasu iri ɗaya, a ce su fitar da shugaba. In hannu da hannu ne, da zarar Hassan ya miƙa Husaini ya karɓa, magana ta ƙare, an san mai bayarwa, shi ne shugaba. To a ce saƙon sai ta hannun direba a tasha, ɗaya na Sakkwato ɗaya na Illela. Kowa ya aika, kowa ya karɓa, sun koma yadda suke. Suna iya shekara a haka. Da wannan masaniya Catuscia Palamidessi ta tabbatar a 1997 cewa gaurayen zaɓi ba ya fassaruwa zuwa nau'in aika-ka-wuce, wato ba a iya kwaikwayonsa a can.

Kada ka ce za ka sa alƙali a tsakiya ya raba gardama. Kowace shekara sai ɗalibi ya kawo min wannan dabarar yana murmushi! Sharaɗin Palamidessi shi ne abin da ke gudana kafaɗa da kafaɗa ya fassaru kafaɗa da kafaɗa, ba a ƙara kowa.

Sake buɗe babin da sharuɗɗan fassarar da ka yarda da su, sannan ka raba shi biyu: mai gaurayen zaɓi da marar shi.