Tambaya da Amsa: Ciwon Furostat da Damuwar da Ke Tafe da Shi

Tambaya: Likita, shekarata 38, ina kabu-kabu a Yamai. Na fi wata 6 ina fama da ciwo a mara da tsakanin dubura da maraina, ga fitsari kaɗan-kaɗan da zafi, in na kusanci iyali ciwon ya ƙaru. An auna fitsari ba a ga komai ba, aka ce furostat ne. Yanzu barci ya gagare ni, abu kaɗan sai faɗa, har gudun maiɗakina nake yi. Ciwon ne ya taɓa mini kai, ko tunani ne ya jawo ciwon?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Duka biyun suna nan, kowanne yana rura wa ɗayan wuta.

Furostat ɗan nama ne mai girman goro, yana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa. In ciwonsa ya kai wata 3 ana cewa ya zama daɗaɗɗe, kuma kusan mutum 9 cikin 10 masu irin wannan ba a samun ƙwayar cuta a jikinsu. Don haka awon da ya fito lafiya ba ya nufin ƙarya kake yi. A ƙasan mara akwai tsokoki masu riƙe fitsari da bayan gida. Zafin ciwo yana sa su ɗaure, fargaba ma haka, ba tare da mutum ya sani ba. In sun daɗe a ɗaure sai jijiyoyin wurin su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi ko da abin bai kai ya kawo ba. Rashin barci ya ƙara dagula lamarin, tsoron kasawa a shimfiɗa kuma ya kashe sha'awa.

Wannan nau'in ciwon furostat da ba a samun ƙwayar cuta a cikinsa ba sankara ba ne, ba kuma ciwon sanyin da za ka shafa wa iyali ba. Ka faɗa wa maiɗakinka haka, domin shirunka zai iya sa ta zargi wani abu daban.

Ka nemi ganin likitan mafitsara, akwai su a asibitin Lamorde da ke Yamai. A sake awon fitsari kafin da bayan an matsa furostat da yatsa. In ka taɓa wanka a kogin Kwara, a duba tsargiya, don ƙwanta kan kai har furostat. Idan an ga ƙwayar cuta, maganin irin su ciprofloxacin na mako 4 zuwa 6 ne, ba kwana 5 ba. In ba a gani ba, maimaita shi ɓarnar kuɗi ce kawai. Likita kan ba da tamsulosin 0.4 mg don sassauta hanyar fitsari (yana sa jiri in an miƙe da sauri), wani lokaci da amitriptyline 10 zuwa 25 mg da dare, mai rage zafin jijiya ya kuma kawo barci. Tramol da maganin maza na ƴan tebur kuwa, ka yi nesa da su.

A gida, zauna cikin ruwan ɗumi a babban baho minti 15, safe da dare. Sa matashi mai laushi a sirdin babur, ka sauka ka taka bayan kowace awa. Rage tonka, goro da shayi mai ƙarfi. Kafin barci kwanta rigingine, ka ja numfashi har ciki ya taso, ka saki mara kamar mai shirin fitsari, na minti 10. Sauƙin yakan ɗauki makonni.

In baƙin ciki da rashin jin daɗin komai sun wuce mako 2, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai; zuwa can ba hauka ba ne. In tunanin kashe kai ya zo maka, ko zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya tsaya cak, a tafi asibiti a ranar.