Katantanwa ninki take yi, ba ƙari ba

Yarona, na ga hoton da ka turo, na kuma karanta tambayarka. Ka ce ka ja helikis mai tsukewa, wato layi mai naɗewa, a manhajar zane ta SolidWorks, ka bi shi da da'ira ɗaya daga sama har ƙasa, amma abin da ya fito ya fi kama da sifirin na babur, ba katantanwa ba, kana son sanin inda ka kauce. Hannunka lafiya lau. Layin da ka ɗora aikin a kansa ne ba na katantanwa ba.

Ɗauko faifai ka duba saƙarsa. Kowane zagaye kaurinsa ɗaya da na bayansa, idan na farko ya tsaya a milimita 2 daga tsakiya, sai 4, sai 6, sai 8. Ƙari ke nan, kuma haka helikis ɗin manhajarka yake tafiya. Yanzu ɗauko katantanwa, ko da irin wadda yara suke murzawa a ƙasa ce, ka ɗora rula daga tsininta zuwa bakinta, ka auna faɗin kowane zagaye a kan layi guda. Za ka ga tafiyar ta fi kusa da 2, 4, 8, 16. Dalili kuwa, dodon koɗi ba ya rushe ɗakinsa ya sake gini, a leɓen bakin kawai yake ƙara sabo, kuma jikinsa yana girma ne ba tare da ya sauya siffa ba. Shi ya sa ƙaramar katantanwa take kamar babbar da aka rage.

Kada ka ji kunyar wannan ruɗanin. Masanin lissafi Jacob Bernoulli, wanda ya rasu a 1705, ya so a zana masa wannan naɗi mai ninki a kan kabarinsa a birnin Basel, amma mai sassaƙar ya zana masa irin na faifai, yana nan har yau.

To, ga abin da nake so ka riƙe. A 1966 wani masanin burbushin halittu ɗan Amurka, David Raup, ya nuna cewa abubuwa huɗu ne suke tsara yawancin irin waɗannan kwasfa: siffar bakin, yawan ninkin da ake samu a kowane zagaye, nisan bakin daga sandar tsakiya, da yadda naɗin yake gangarowa a kan sandar. Idan babu gangara, za ka samu mai kwance irin ta notilus na teku, wadda take ninka kusan sau 3 a zagaye guda. Za ka ji ana cewa lissafin zinare take bi, wato sanannen ninkin nan da ake kira golden ratio. Ba haka ba ne, wancan yana ninka kusan sau 7, ka auna da kanka ka gani. Idan gangarar ta yi yawa kuma ninkin kaɗan ne, sai doguwa mai tsini ta fito.

Abin da ya fi kayar da masu koyo shi ne su gyara layin naɗin su manta da sauran. Nisa daga sanda, da zurfin gangara, da girman bakin, da kaurin bango, duk da lamba ɗaya za su ninka. Ka bar ɗaya a tsaye, ido zai gane tun daga nesa.

Ni ba na bin layi da da'ira ɗaya. Ina jera bakuna ne, goma sha biyu a kowane zagaye, wato duk bayan digiri 30, sannan in lulluɓe su da loft, wato umarnin da ke shimfiɗa fata daga baki zuwa baki. Idan ninkinka 2 ne, kowane baki zai fi na bayansa da sau 1.0595, domin idan ka ninka wannan da kansa sau goma sha biyu 2 zai ba ka. A manhajar zane ta Rhino da mataimakiyarta Grasshopper wannan jerin aikin minti kaɗan ne. Idan a SolidWorks za ka tsaya, yi amfani da layin da ake ja da lissafi, ka kuma tuna da ma'aunin radiyan yake karɓar kusurwa, ba digiri ba.

Kada ka nemi farawa daga sifili, wannan naɗi ba ya taɓa kaiwa tsakiya. Fara daga baki mai rabin milimita ka toshe shi da ɗan ƙulli. Kuma kada ka lulluɓe zagaye biyar a bugu ɗaya, domin sabon zagaye yana hawa kan tsoho, manhajar za ta ƙi, ta ce jikin ya ratsa kansa. Yi rabin zagaye rabin zagaye, ka haɗe daga baya. Ramin ciki ma haka: gina na waje, gina na ciki da ƙananan bakuna, ka cire wannan daga wancan. Idan injin ɗab'i na 3D mai bakin milimita 0.4 zai fitar da ita, ka bar wajen tsinin a cike, don bangon can ya fi ƙarfin injin siranta.

Kafin ka turo mini, juya ta tsini sama, baki yana kallonka. A mafi yawan katantanwa bakin yana hannun dama ne. A hoton da ka turo yana hagu, sai ka juya alkiblar kusurwar. Gobe ka taho shago da katantanwar da ka auna da takardar lambobinka, mu zauna mu fitar da ninkinta tare.