Kujerar Eames ce ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillalin kayan gwanjo a Kaduna ya nuna mini kujerar shaƙatawa mai baƙar fata da bayan katako, haɗe da 'yar kujerar ɗora ƙafa. Ya ce ta Eames ce, kuma kuɗin da ya sa mata ya sayi babur. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka gwada ta da jikinka. Charles Eames da matarsa Ray ne suka tsara wannan kujera a Amurka, ta fito a 1956. Kamfanin Herman Miller ke yin ta, a Turai kuma kamfanin Vitra. Sabuwa tana cin dubban daloli, shi ya sa jabunta suka cika kasuwa.

Zauna ka jingina. Ta asali tana juyawa, amma a kishingiɗe aka kafe ta, ba ta da abin murɗawa na kwantar da baya. Ƙafafunta biyar ne, na 'yar kujerar huɗu. Leƙa ƙarƙashinta ka nemi tambarin kamfani.

Inda na fi so ka tsaya shi ne mahaɗar hannuwa da baya. A ta asali, robobi ne aka manne a jikin katakon daga ciki. Idan ka ga kan ƙusa ya huda katakon ta waje, ko dai jabu ce ko wani kafinta ya yi mata aika-aika, kuma duka biyun suna karya farashi. Waɗannan robobi su ne raunin kujerar: suna tsufa su saki, bayan ya ɓalle, wani lokacin har katakon ya tsage. Zafinmu da bushewar hunturu ba su raga musu ba. Idan ta asalin ce, ka ware kuɗin gyaransu, ka kuma nisanta ta da rana.

Tambaya: Ina zaune a Landan. Na samu kujerun Wishbone (masu jingina mai siffar Y) huɗu na sayarwa, amma saƙar mazauninsu ta tsinke. Sun lalace ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya. Hans Wegner na Denmak ne ya tsara su, kamfanin Carl Hansen & Søn ke yin su tun 1950. Mazaunin igiyar takarda ce da ake saƙawa da hannu, kuma dama sabunta ta ake yi. Girgiza kowace ɗaya. In mahaɗan katakon ba sa motsi, ki saya, ki nemi ragi saboda ladan masaƙi.